Ranar da na toshe wa kurege hanya

Fitar da kurege daga falafon ɗaki, wato silin, wahala ce, kar wani ya ruɗe ka. Matata ta ce in sa guba, na ce ni ba na kashe rai. Ta ce to in kira kafinta. Kafinta? Ni da nake sayar da katako a kasuwar Katako?

Na kutsa ta kafar da ke ƙarƙashin kwano, na kore shi da tsintsiya. Na rufe kafar da ragar ƙarfe, na jera mata ƙusa kamar mai gina kurkuku. Aiki ya yi kyau. Sai da na gama na tuna daga ciki nake.

Rana tsaka, kwano kamar tanda. Na yi ta ihu.

"Sannu da aiki, Maigida," in ji matata daga tsakar gida. "In miƙo maka gujiya?"

Maƙwabcina Isufu ne ya ɓamɓare kwano ya zaro ni, rabin unguwa na kallo.

Da safe na kira kafinta. Yana shigowa ya ce, "Ina kwana, Baba Kurege?" Har yau sunana ke nan.