Rahoto Goma Sha Biyu Ga Mutum Ɗaya

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Talata ta farkon damina, kuma ko na so, 'yan ofishinmu ba za su bari ba.

Lokacin ina aiki da wata ƙungiyar manoma a Kazaure. Aikina tsara rahotannin da ke fita da kansu: in sa wa kowanne lokaci, in zaɓa masa sabar, wato babbar kwamfutar da za ta haɗa shi ta tura. Biyu gare mu. Sabuwa tana ɗaukar aiki huɗu a lokaci guda, tsohuwa biyu, su ma da nishi. Kullum Baba Sabo, mai kula da su, magana ɗaya yake yi: "A raba musu kaya, kada a cunkushe safiya."

Sai aka kawo Malam Nura ofishinmu na Babura. Sau ɗaya ya ce min, "Rahoton nan ya yi kyau." Shi ke nan fa. Amma ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, na san haka jarumi yake farawa. (Kafin la'asar har na zaɓi kalar labulen falonmu.)

Kunya ba ta bar ni na kira shi ba, sai na yi dabara. Na tsara masa rahoto kullum ƙarfe takwas, don sunana ya zama farkon abin da zai gani. Shiru. Na ce miskili ne, duk haka suke. Na ƙara na ruwan sama, na ƙara na iri, har da tarihin gyaɗa na shekara biyar wanda babu mahaluƙin da ya nema. Suka kai goma sha biyu, duka a kan sabuwa, kowanne da alamar gaggawa. Don su sami wuri, na kwashe sauran aikin ofis na jibga wa tsohuwa.

Ranar Talatar, motocin taki uku na tsaye a harabarmu, suna jiran jerin sunayen manoman Roni da Gwiwa. Takwas ya kamata ya fito. Har goma babu shi. An yi ruwa, mutane a can sun bar gona sun yi layin taki tun safe, waya sai ƙara take.

Shugabarmu, Hajiya Binta, ta tara mu. "Sabo, ba kai ka ce mu sayi sabuwa ba? Ina amfaninta?"

"Ranki ya daɗe, bari mu ga layin."

Ya haska jerin ayyukan a bango, kowa na kallo. Tsohuwa ta shaƙe, jerin taki na can ƙasa. Ya koma kan sabuwa ya fara karantawa a hankali, kamar mai kiran suna a aji: "Zuwa ga Nura. Zuwa ga Nura. Zuwa ga Nura." Gefen kowanne ga sunana ɓaro-ɓaro. Wata ta ce, "Ikon Allah, Babura ta yi farin jini."

Hajiya ta kira Nura a waya, ta buɗe lasifika kowa ya ji. "Nura, me kake yi da rahoto goma sha biyu kullum?"

"Wallahi Hajiya, tun makon farko na sa suna wucewa kwandon shara. Na ɗauka na'ura ce ta haukace. Wai wa ke turowa?"

Wa ke turowa! Wata biyu, ko sunan bai duba ba.

Baba Sabo ya tsayar da nawa, ya mai da jerin taki kan sabuwa. Minti huɗu ya fito. Roni ta samu da azahar, Gwiwa sai washegari, kuma ni Hajiya ta sa na bi motar na ba da haƙuri da bakina. Wani dattijo ya tambaye ni me ya faru, na ce na'ura ce. (Allah Ya yafe min, ita ma ta yafe.)

Da na dawo Baba Sabo ya ce, "'Yata, kowace na'ura da iyakar abin da take ɗauka. Bawan Allahn nan ma haka."

Tun daga ranar, kafin in ɗora wa wani abu kaya, sabar ce ko ɗan mutane, sai na fara tambaya: akwai wanda ya nema?