Rasuwar Genoveva, Wadda Ta Sha Man Suya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har tana yoyo ta gefe, ni Jurandir Pimenta, mai dakon kaya na unguwar Alto da Cruz, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da suka riga suka fara murna, rasuwar akori-kurata Genoveva, wadda ta cika ranar Lahadi tana da shekara talatin da takwas. Na haɗa sanarwar da tambayar da ta hana ni jin daɗin abinci: wanda ya kashe abin ƙaunarsa da hannun da ya miƙa masa magani, me ake kiransa? Na duba littattafaina duka goma sha ɗaya, uku ma ba su da bango. Babu wanda ya tanka.

Marigayiyar ta zo hannuna tana 'yar shekara tara. Ta ɗauki buhunan gahawa, ta ɗauki ayaba, ta ɗauki gadajen amare, bayan 'yan shekaru ta mayar da wasu daga cikin gadajen inda ta ɗauko su, ba ta kuma taɓa yi da kowa ba. Ba ta tambayar nauyin kaya. Ba ta raina hanya. Da safe in na murɗa makulli takan ce "kyar, kyar, kyar", ta yi shiru kamar mai nazari, sannan ta ce "ɓuf", ta kama "dugu-dugu-dugu" ɗinta mai sanyaya rai. Wanda bai ji wannan murya ba, ba ni da hanyar kwatanta masa.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma nata aibin ya riga ya rubuta kansa a bangon kowane gida a layinmu. Genoveva tana hayaƙi, baƙi ƙirin, mai kauri, irin wanda ke tsayawa a wuri bayan mai shi ya tafi. Matan unguwa da sun ji tashinta sukan fito da gudu su kwashe shanya. Ni a lokacin ina ɗaukar wannan girmamawa ce.

Matata Zulmira tana da ciwon fuka, garejin kuwa yana ƙarƙashin tagar ɗakinmu. Shekara da shekaru ina ɗora laifin tarinta a kan ƙura da sanyi da kyanwar maƙwabta. A watan Maris, bayan likita ya gwada ƙirjinta, ta haɗa jaka ta tsaya a bakin ƙofa.

"Jurandir, ba faɗa nake yi ba, numfashi nake nema," in ji ta. "Ran da hayaƙin ya tsaya, ka zo ka ɗauke ni."

Ta tafi gidan yayanta Deusdete, gidan da na yi rantsuwa ba zan sake takawa ba tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da ya kira Genoveva murhu mai taya a gaban baƙi, kan teburin cin abinci, aka yi dariya har da surukata.

Shi Deusdete yana aiki da ƙungiyar manoman zurma, masu tatsar man 'ya'yanta su sarrafa shi ya zama abin da ake zuba wa dizal don rage hayaƙi. Ya tare ni a kasuwa.

"Suruki, kawo murhun naka mu wanke mata tanki, mu canza robobi, mu fara ba ta man namu kaɗan-kaɗan. Ba don kai ba, don ƙanwata."

Na ce masa Genoveva ba ta karɓar sadaka daga bakin da ya zage ta.

"To ka ji abu ɗaya," ya ce. "Ɗanyen mai ba ya shiga inji. Sai an dafa shi an raba shi da ɗanƙonsa."

Na wuce. Amma ni mutum ne mai tunani, kuma tunani ne ya yi wannan gawar. Na ce zurma tsiro ce, waken suya tsiro ne, gwamnati da kanta tana haɗa man waken suya a dizal ɗin gidajen mai. Man da Dona Mitsuko mai tuya ke soya fastel, irin samosarmu ta nan, da shi a kasuwar Asabar, shi ma na waken suya ne, kuma duk mako zubar da shi take yi. Na karɓo shi a jarkoki, na tace shi da matacin gahawa na ƙyalle, sau biyu, bisa hujjar cewa abin da ya isa ya tace abin shan ɗan Adam ya isa ya tace abin shan ƙarfe. Har yau ban gano inda hujjar ta karye ba. Injin ne kawai ya karye.

Na fara da kashi ɗaya cikin biyar, sauran dizal. Hayaƙin ya yi haske, ya kama ƙamshin suya. Karnuka suka fara raka mu har bakin gari. Mutanen da suka daina gaishe ni suka dawo suna ɗaga hannu, wasu suna haɗiyar miyau. Na aika wa Zulmira labari, ta aiko da cewa hayaƙi mai ƙamshi ma hayaƙi ne. Sai na ƙara zuwa rabi. Daga baya na wuce rabi.

Jinyar ta fara da sanyin Yuni, lokacin hunturunmu a nan. "Kyar, kyar" ɗinta ya yi tsawo, "ɓuf" ɗin ya zama da ƙyar. A kan tudu takan ce "hik, hik" kamar mai shaƙuwa. Na zaro sandar gwajin baƙin mai na ga abu kamar narkakkiyar alewa, na ce ciwon shekaru ne ke fita daga jiki, na ƙara mata magani.

Ta cika a ranar bikin Waliyyi Kiristofa, ranar da direbobi ke jera motoci su hau tudun coci Fada ya yayyafa musu ruwan albarka. Na wanke ta, na ɗaura mata furanni. Motoci arba'in suna bayanmu suna danna oda. Saura taku goma mu isa gaban Fada ta ce "tak", ta sake cewa "tak", sannan ta ce "kif". Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Fada ya sauko da bokitinsa, karo na farko a tarihin bikin da shi ya je wajen mota, ya shinshina iska ya dube ni.

"Ɗana, albarka take nema ko addu'ar bankwana?"

Bené makanike ne ya buɗe gawar. Ya tsoma yatsa, ya kai hanci, ya ɗan lasa.

"Maigida Jurandir, na sha ganin injin da ya buga, yau na fara ganin wanda aka soya. Har gishirin ya ji."

Ya yi mini bayanin ɗanƙo da ruwa da yadda suka toshe nozul mai fesa mai suka daskare a cikin inji. Kalma da kalma abin da Deusdete ya faɗa ne, sai dai na Bené ya zo bayan mutuwa, shi ya sa na saurara.

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu, uku masu sanƙo, da safaya wadda ba ta taɓa ɗanɗana iska ba. Ta bar batir mai sauran kuzari, da ɗan gunkin waliyyi a gaban gilashi wanda ya ga komai bai ce uffan ba, da jarkoki uku na man suya, da karnuka kusan bakwai da har yanzu ke kwana a ƙofar gareji.

Muna godiya ga maƙwabtan da suka zo ta'aziyya. Mun lura fuskokinsu na sheƙi, mun kuma ga fararen zannuwan gado da aka shanya a layi tun daga Litinin, irin waɗanda ba mu san ana da su a unguwar ba. Ni kaina na tofar da majina jiya na ga ta fita fara, na ji kunya kamar na ci gadon mamaci tun kafin a binne shi. Shekara ashirin da tara ina shaƙe matata da zuciya ɗaya, ina kiran abin sana'a. Wata huɗu na yi niyyar alheri, na yi kisa. In ran Genoveva shi ne kuɗin numfashin Zulmira, to na biya, amma bisa kuskure na biya, ban kuwa sani ba ko ana rubuta wa mutum ladan hadayar da bai yi niyya ba. Na tambayi Fada, ya ce Allah ne masani. Amsarsu ke nan in tambaya ta fi ƙarfinsu.

Gawar tana gefen coci, inda direbobi shida suka tura ta suna zagi. Masu son ganin ƙarshe suna iya zuwa har Juma'a. Ana roƙon a daina cire abin tunawa, domin madubin hagu ya riga ya tafi. Ranar Asabar da ƙarfe tara na safe za a kai ta makwancinta a wurin 'yan gwangwan na bakin titi. Fada ya ƙi yarda da addu'ar bakwai. Za a raba gahawa da burodin cuku. Ba za a soya komai ba.

Game da ɗaukar gawa, janwe ɗaya ne a garin nan, na ƙungiyar manoman zurma, kuma Deusdete ke tuƙa shi. Yau da hantsi na sa hula na hau matakala ukun gidansa na ƙwanƙwasa. Ya buɗe, ya dubi ƙafafuna ya daɗe.

"Ashe sun san hanya, suruki."

Na ce janwe nake roƙo. Ya ce Asabar ƙarfe tara, bai ƙara ko kalma ɗaya a kan marigayiyar ba. Daga cikin ɗaki na ji muryar Zulmira, babu shessheƙar nan a cikinta.

"Hayaƙin ya tsaya?"

Na ce ya tsaya.

"To ya goge takalmi ya shigo, abinci na kan tebur."

Na goge na shiga.