Bijimi da Jaka Marar Ƙashi

"Kia ora, Poua. Ashe ka iso da ranka? Har na fara tunanin wanda zai gaji haƙoranka na roba."

"Kia ora, ƙafar sauro. Matsa ki ba manya hanya."

Awhina ta matsa, dole ma ta matsa, don kakanta Matenga, wanda take kira Poua, bai shigo shagon shi kaɗai ba. Yana goye da Bijimi, tsohuwar jakarsa ta tamfol mai firam ɗin ƙarfe, wadda ta girmi mahaifiyar Awhina, kuma sai da ya karkace kafin ƙofar ta yarda su wuce tare. A waje ruwan saman garin Hokitika na zuba yadda ya saba, ba ya gaggawa, ba shi kuma da niyyar tsayawa. Fergus mai shagon ya ɗaga musu hannu ya koma kan shayinsa, don ya san in waɗannan biyun suka haɗu, mai hankali ba ya sa baki.

Ita ta kira tsohon. Ta ce masa za ta sayi sabuwar jakar goyo, irin marar ƙarfen nan ta masu haɗa gudu da tafiya a tsaunuka, tana so ya kawo kayan dajinsa ta gwada jakar da su. Rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa, tun da aka yi masa aiki a baya bara likita ya ce shi da kaya mai nauyi sun yi bankwana, mahaifiyarta Erena kuma ta rantse muddin Bijimi zai goya, bana ba shi ba hawa bukkar da ke saman kogin Taipo. Shi kuma ya hau dokin naƙi, ya ce gara ya zauna gida ya yi gadin kaji. Tun Awhina tana 'yar mitsitsiya, kowane hutun Kirsimeti su biyu suke hawa can. Ta san halin tsufa, ta kuma san halin kakanta: in ya fasa bana, ya fasa ke nan har abada. Tsoron nan ya daɗe yana cin ta, amma ko da wasa ba za ta bari ya gani a fuskarta ba.

Ta ciro wata shuɗiyar jaka daga inda aka rataye ta, ta miƙa masa da yatsu biyu. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya leƙa ciki.

"Mene ne wannan? Rigar matashin kai?"

"Jaka ce, Poua. Ba ta fi nauyin burodi ba."

"Ina ƙashinta?"

"Ba ta da ƙashi."

"Ashe ƙanwarki ce. Na ga kuna kama."

"Gara ni. Kai ƙashinka ai likita ne ya haɗa da kusoshi. In ka zauna kana ƙara kamar tsohuwar ƙofa."

"Kusoshin nan ƙaramin cikinsu ya fi cinyarki kauri. Jakar fa, ina ɗamarar ƙugunta?"

"Wannan ba ta da ɗamara. Aljihuna ne a ƙirji, na ruwa da na 'yan alewa. Ina gudu ina sha, ba tsayawa."

"Gudu! Wa ke bin ki? Mu a zamaninmu in ka ga mutum yana gudu a daji, to alade ne ya biyo shi."

"Shi ya sa kuke kwana a hanyar da nake gamawa kafin abincin rana."

"Ki gama, ki ga me? Yatsun ƙafarki? To in kin zo kogi fa, 'yar gudu? Taipo in ya cika ai ba a shigarsa ɗai-ɗai. Jeruwa ake, kowa ya zura hannu ta bayan na kusa da shi ya damƙi ɗamarar jakarsa. Ke kuma mutum ya zura hannu ya laluba, ya ji wayam. Sai dai a zo bakin teku a tsince ki cikin itatuwan da ruwa ya kawo."

"Kai da ba ka zuwa, ina ruwanka? Ba gadin kaji ka ce za ka yi ba?"

Tsohon ya shafa igiyar Bijimi da babban yatsa, idonsa na kan tagar da ruwa ke duka. Awhina ta ji kamar ta kamo maganar ta mayar da ita baki. Can ya yi gyaran murya.

"Kajin ma sun fi ki tarbiyya. Su in sun gan ni tasowa suke."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta taya shi sauke Bijimi, ta zazzage kayan a ƙasa. Ga buhun kwanciya, ga rigar ulu, ga tabarmar soso, ga ƙaramin gatari, ga kaskon ƙarfe, ga gwangwanayen wake. Daga ƙarshe gwangwanin dafa shayinsa ya gangaro, baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru, wanda duk gidan ba a yarda kowa ya taɓa ba.

"Poua, ina firjin? Ka manto shi a gida?"

"Ke aka manto a gida ran da ake rabon kunya."

"Gatari da kasko dai su koma gefe. Akwai su a bukkar tun kafin a haife ni, kai ma ka sani, kai ka kai su."

Sai ta fara cusa sauran kayan a shuɗiyar jakar kan uwa da wabi. Ta jefa gwangwanin shayin daidai inda bayan mutum zai kwanta, ta dunƙule tabarmar ta tura a sama, ta bar ramuka ta ko'ina. Da ta goya, jakar ta yi ciki guda ta zube gefe kamar buhun kabewa.

"Wayyo, wani abu na suka na! Ashe gaskiyarka ce, jakar banza ce. Fergus, a mayar."

Abu biyu ne a duniya Matenga ba ya iya gani ya yi shiru: wutar da aka haɗa ba daidai ba, da kayan da aka ɗaure ba daidai ba. Awhina ta san haka kamar yunwar cikinta. Tana kallonsa ta wutsiyar ido, gashin bakinsa ya fara rawa.

"Sauke! Sauke, kina zubar min da mutunci a gaban baƙo. Wa ya haife ki ne?"

"'Yarka."

"Zan bincika."

Ya durƙusa ya zazzage komai. Ya ninke tabarmar soson falle-falle ya jingina ta a bangon jakar, ɓangaren da zai taɓa baya. Ya kwance buhun kwanciyar ya danna shi a ƙasa har ya cike kusurwoyi. Ya cusa safa cikin gwangwanin shayin, ya naɗe shi da rigar ulu, ya dasa shi a tsakiya. Ya bi ko'ina da dunƙulen hannu yana toshe rami. Da ya ja igiyar bakin, jakar ta tsaya da kanta cak.

"Kin gani? In jaka ba ta da ƙarfe, kayan cikinta ne za su tsayar da ita. Ba cusawa ake ba kamar mai satar 'ya'yan itace."

"Kai! A ina ka koyi wannan?"

Ta san amsar, ta ji labarin har ta haddace, amma ta zaro ido kamar yau ta fara ji.

"Lokacin da nake farautar barewa, kafin in sayi Bijimi, buhun sukari nake goyawa. Ka jefa dankali ɗaya a kowace kusurwa ta ƙasa, ka ɗaure igiya a kansa, shi ke nan ga jaka. In yunwa ta matsa, ka cinye jakar. Shi ne kuka sato kuka shafa masa shuɗi, wai sabon abu."

"Ni dai ban yarda ba. Har yanzu sai ta soki mutum."

"Ba ni nan!"

Ya gyara tsayuwa, ya shirya nishin da ya saba yi wa Bijimi, ya fizga da ƙarfi. Saura kaɗan jakar ta tsallake kansa. Ya yi turus. Ya saka hannuwa, ya motsa kafaɗu, ya taka zuwa matakalar benen shagon don ya nuna mata ba abin da ke suka. Ya hau, ya sauko, ya sake hawa, wannan karon da sauri. A sama ya tsaya, ya kai hannu gefen ƙugunsa inda ciwon ya saba kama shi, yana jira. Ciwon bai zo ba. Awhina tana ƙasa riƙe da waya tana ɗauka, daɗi ya cika ta har idanunta suka kawo ruwa. Ta goge da sauri, ta tura wa mahaifiyarta hoton.

"Poua, gudu na ga kana yi? Wane alade ne ya biyo ka?"

"Benen nake gwadawa. Fergus, benen nan naka ya ragu."

Wayar ta yi ƙara. Awhina ta duba, ta ɗaga hannu sama kamar wadda ta ci tsere.

"Mama ta ce in da wannan ce, ka je!"

Ya sauko a hankali, yana kallonta, yana kallon gatarin da kaskon da ke gefe, yana kallon Fergus da ke ɓoye dariya cikin kofi.

"Au! Shigo-shigo ba zurfi aka yi min?"

"Ni? Yarinya marar ƙashi?"

Ya juya ga mai shagon. "Buhun sukarin nan, akwai mai ɗamara? Kawo biyu. Ita ma mai ɗamara za ta saya, ko ta ƙi ko ta so. In mun shiga Taipo..."

"In *mun* shiga?"

"Ki bar ni in gama magana. In mun shiga, ina so in samu abin damƙa."

"Wa zai riƙe wa?"

Nan tsohon ya fashe da dariya har sai da ya tare haƙoransa da hannu.

"Kin ci, moko, jikata. Kin ci ni da yaƙi, ƙetarki ta gidanmu ce."

"Bijimi fa?"

"Kaji na neman wurin saka ƙwai."

Ya kwance jakar, ya zaro baƙin gwangwanin shayin, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ga tukuici. Na bar miki, halak malak."

Ta karɓa ta rungume shi a ƙirji. Ya jira sai da ya ga ta riƙe shi da kyau.

"Yauwa. Tunda naki ne, ke za ki goya shi har bukka."