Kututturen Kaka

"Lafiya ƙalau, tsohuwa mai ran ƙarfe. Yau kuma wa ya buɗe miki ƙofa?"

Daga ƙarƙashin mota muryar ta fito. Kaka ba ta ga komai na jikanta ba sai ƙafafu biyu cikin baƙin mai. Ta sauke kututturen da ta ɗauko a ka har gareji, tana haki, ta dubi motar. An cire tayar gaba, jak ɗaya tal ke riƙe da ita, a kan ƙasa mai taushi.

"Fito, mijin banza. Kabarin da kake haƙa wa kanka na zo gani."

"Salansa nake ɗaurewa, minti biyar ne. In na gama sai in ɗaure miki haƙorin nan ɗaya da ke rawa."

"Haƙorina ya fi jak ɗinka ƙwari. Ko dutse ba ka sa wa tayar baya ba! Wane makaho ne ya koya maka aiki?"

"Shekara goma ina kwanciya ƙarƙashin mota, ko ƙwarzane babu."

"Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Matarka na da ciki wata takwas. Maraya kake so ta haifa?"

"Haba, ke da kika ƙi mutuwa, ni ne zan riga ki? Minti biyar na ce."

"Minti biyar. Haka kakanka ya ce."

Ƙarar sifana ta tsaya.

"An ce jak ne ya zame masa."

"Jak ne. Amma da wannan kututturen yake tokare mota kullum, a ƙofar gida. Ran nan na ɗauke shi na zauna ina wanki. Ya ce in ba shi, na ce ya bari in gama. Ya yi dariya ya fita. Ban gama ɗauraya ba na ji ƙarar. Shekara talatin ke nan ina zama a kansa."

Jikan ya jawo jiki ya fito. Bai dube ta ba. Ya tura kututturen ƙarƙashin ƙarfen motar, ya datse tayar baya da dutse.

"Girgiza ta, raggo. Mai hankali ba ya shiga sai ya girgiza."

Ya dafa motar ya girgiza. Jak ya karkace, ya kwanta. Motar ta dira a kan kututturen, dim, daidai saitin inda ƙirjinsa yake ɗazu.

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya yi wata dariya wadda ba ta da sauti, ya share fuska da tsumman mai.

"Kin ci, tsohuwa. To yanzu a kan me za ki riƙa zama?"

"A kan wuyanka, ja'iri, sai na ga an haihu."