Yadda Za Ka Yi Wa Shugaba Bore da Hatimi

Albashinka ya tsaya cik shekara huɗu? Shugaban kamfani ya canza mota a makon da aka daina saya muku ganyen shayi? Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai ya san da zamanka. A gabana Terauchi ya gwada, wani injiniya a kamfaninmu na Osaka a Japan, inda muke ƙera sandunan cin abinci masu ƙirga loma.

1. Tara haushi

Kada ka yi garaje. Shi Terauchi sai da aka ba shi kwali goma na sandunan da suka ƙi sayuwa a madadin garaɓasar bazara, matarsa ta ce, "Su za mu dafa?" sannan ya harzuƙa.

2. Zaɓi makami

Ban da ihu, mu ba 'yan tasha ba ne. A nan hatimi mai sunanka kake bugawa a madadin sa hannu, kuma duk takardar da za ta hau sama, kowa karkata hatiminsa yake yi, don sunansa ya rusuna wa na Shugaba. To, kai buga naka a miƙe, ƙiƙam.

3. Nemi mabiya

Terauchi ya raɗa wa Nonomura, maƙwabciyar teburinsa, shirinsa.

"A miƙe? Terauchi-san, 'ya'ya biyu gare ka fa!"

"Na gaji, Nonomura-san. Wuyan sunana ya ƙage."

Ta ce tana bayansa ɗari bisa ɗari, ta koma ta ƙara karkata nata don a san ba ruwanta. Masana na kiran wannan goyon baya.

4. Buga

Kwana uku yana atisaye a bayan tsofaffin ambulan, har da rula. Ran Litinin takarda ta sauko daga ofishin Shugaba Hamaguchi. Ya kafa ido a kan ɗan gurbin hatimi, bai kalli ko'ina ba, ya danna. Sambal! Ranar har miya ya ƙara a abincin rana.

5. Karɓi nasara

Aka ce Shugaba na kira. Yana shiga, Hamaguchi ya miƙe ya rusuna masa har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Terauchi ya ce a ransa, ashe kana jin tsoro!

"Terauchi-kun, mutum arba'in na aika wa takardar ajiye aiki don raɗin kai, kai kaɗai ka tausaya wa kamfani. Dubi hannu, ko rawa bai yi ba! Ƙarshen wata ka miƙa katin shiga."

Terauchi ya buɗe baki zai ce bai karanta ba, amma ina, babba ya rusuna maka! Sai ji ya yi bayansa ya lanƙwashe da kansa.

"Na gode da kulawa, ranka ya daɗe."

Gargaɗi

Ni dai cewa na yi ka buga a miƙe, ban ce kada ka karanta ba. Wanda ya rasa aiki kada ya neme ni. Ni aka ba kujerar Terauchi, kuma hatimina yanzu kwanciya yake yi.