Ƙofar da Ba Ta da Shinge

Jiya Lahadi na shafe minti ashirin a layi, a tsakiyar makiyaya, cikin yayyafi, ina jiran shiga wata ƙofa da ba ta da shinge dama ko hagu. Mu goma sha ɗaya ne masu yawon ƙafa, kowa da takalmin roba da gorar shayi. Tumaki na ratsawa ta gefenmu suna kallonmu, amma ba wanda ya zagaya. Mutum zai buɗe, ya shiga, ya rufe, ya ba na bayansa haƙuri, shi kuma ya sake buɗewa. Haka aka rene mu a Ingila: ƙofar da ka tarar a rufe, a rufe kake barin ta.

Ga asalin abin. Turbar da ke hawa tudun ƙauyenmu tana farawa da shinge, sai ka taka wata tsohuwar matakalar katako ka tsallake. Maƙwabciyata Goggo Edna, mai shekara tamanin da ɗaya, a kan tudun nan ta watsa tokar mijinta Wilfred, bayan an ƙona gawarsa kamar yadda ake yi a nan. Duk Lahadi takan hau ta ba shi labarin gari, har ƙugunta ya ce bai san zancen ba. Shekara uku ke nan ba ta iya haye matakalar. Wasiƙa goma sha huɗu ta rubuta wa Mai Girma Sarkin Turba da Kwamitinsa, a cire matakala a sa ƙofa.

Allah ya ja zamaninsu, sun amsa. Suka zo da motoci uku da mai ɗaukar hoto, suka kafa ƙofar a fili fetal, taku arba'in bayan matakalar.

Na buga waya ofishinsu. Wani mai murya kamar man shanu ya ɗauka.

"Ranka ya daɗe," na ce, "matakalar fa tana nan."

"Ai dole, Malam. Kayan tarihi ce, ta girmi kakanka."

"To ƙofar ta wa ce?"

"Ta tsofaffi da masu ciwon ƙafa."

"Ta ina za su bi su kai gare ta?"

"Wannan kuma aikin wani kwamiti ne. Mun gode da kiranka."

Ni ma na gode masa, har da neman afuwar ɓata masa lokaci. Wallahi har yanzu abin yana ƙona mini rai.

Da na sauko daga tudu jiya, sai na tarar da Goggo Edna tsaye a gindin matakala, da sandarta da hular Lahadi.

"Ɗan nan, yaya ƙofata?"

"Tana da kyau, Goggo. Ko ƙara ba ta yi."

"Madalla. Daga nan ma ina hango ta."

Tausayi ya kama ni, na ce ta bari in goya ta mu tsallake.

"Ka goya ni? A gaban tumakin mutane? Ka kiyaye ni, Clive." Ta gyara hula, ta ɗaga kai tana duban tudu. "Bar shi kawai. Na gaya wa 'yata, in lokacina ya yi a watsa tawa tokar a nan, wannan gefen. Wilfred ya sauko. Shi ƙafarsa ƙalau take."

Don Allah, masu karatu, kada wanda ya kai wa Kwamiti wannan magana. Suna ji za su kafa wa Wilfred tasa ƙofar, a ƙauyen gaba.