Rigata da Ta Ɓace daga Ofis

Ban daɗe da zama shugaban makarantar koyon sana'a a Sabonjida ba, rigar da nake ratayewa a ƙusar ofis ta ɓace. Ni kuwa ba yaro ba ne. Na san mataimakina, Malam Fuseini, ya so kujerar nan. Na kuma lura Hajiya Ayishetu, malamar ɗinki, tana bin kafaɗuna da tumbina da kallo, in na juyo ta kau da kai. Me ake yi da rigar mutum mai zufarsa a jiki, in ba kai wa boka ba?

Na daina shan shayin ofis. Kujerata ma sai na leƙa ƙarƙashinta kafin in zauna. Ranar da na tarar da rigar kan tebur, a wanke a goge, da sanda na ɗauke ta, na cinna mata wuta a bayan ajin walda.

Sannan na tara malamai, na ce, "Wanda ya kai rigata inda ya kai ta, ya sani ni ma ba daga sama na faɗo ba."

Hajiya ta miƙe. Ta fita, ta dawo da batakari sabo fil, rigar saƙin da suke ɗinka wa duk sabon shugaba.

"Masta, awo muka ɗauka," in ji ta.

Batakarin ya zauna mini cif, har tumbin.

Har yau in na cire hula zan yi alwala, sai Malam Fuseini ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Jama'a ku shaida, ban taɓa ta ba. Kada ita ma ta sha wuta."